Kurar da Mai Walda ya Karanto

Da asuba, tun kafin makwabta su fara jan guga, Mai Walda yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da jiƙaƙƙen tsumma a kan idanu. Kullum haka yake yi. Wutar walda ba ta cin ido nan take, sai mutum ya kwana ya tashi ya ji kamar an zuba masa yashi a ƙarƙashin fatar ido. Amma a makonnin nan ba idon ne damuwarsa ba. Kunnensa yana cikin ɗaki, inda 'yarsa take barci, yana jira ko za ta yi wani sauti. Tari ma ya ishe shi. Ko magagi.

Ba ta yi.

Ƙarfe muke ce masa a layin shagunanmu, kuma sunan ya dace da shi. Bai yi nisa a makaranta ba kawunsa ya ja shi shagon walda, tun yana riƙe wa manya rodin ƙarfe har ya kai ga nasa injin. Ba ya magana sai ta kama dole. In ka ce masa ƙofar gidanka ta ɓalle, ba zai ce maka sannu ba, sai dai ka gan shi da yamma ya turo inji a baro. Matarsa takan ba da labari cewa lokacin da yake nemanta, sau ɗaya ya taɓa zama zance. Sauran zuwan duk gyara ya yi, gadon uwarta, murhu, hannun bokiti.

Sai Allah ya ba wannan mutum 'ya mai baki. Tun ba ta iya tafiya sosai ba take surutu, da kaji, da takalmi, da duk wanda ya wuce. Telan da ke shagon kusa da nasa ne ya sa mata suna Rediyo, sunan kuwa ya bi ta har aka koma kiran uban Baban Rediyo. Yakan ce da ita, “Uwata, ki bar bakin nan ya huta mana,” ita kuma ta tambaye shi ina bakin zai je ya huta.

Ba ta cika shekara biyar ba motar da suka shiga ita da uwarta ta kife a hanyar dawowa daga unguwa. Uwar ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita asibiti, aka ce zaman zai yi tsawo. Yarinyar ko ƙwarzane babu. An zaro ta ta taga tana kallon mutane, daga ranar kuma ba wanda ya sake jin muryarta. Tana ci in an ba ta, tana zuwa in an kira ta. Likita ya duba kunne, ya duba maƙogwaro, ya ce komai lafiya.

Wannan “lafiya” ita ta fi tsorata Ƙarfe. Abin da ya karye ya san yadda ake yi da shi. Abin da aka ce lafiyarsa ƙalau amma ba ya aiki, shi ne ake turawa bayan shago.

Wata nas mai furfura a ɗakin matarsa ta tsayar da shi a baranda.

“Baban yarinya, kana mata karatu?”

“Karatun me? Ba ta shiga makaranta ba.”

“Littafin labari. Ka zaunar da ita kusa da kai, ka karanta da ƙarfi tana ji. Kada ka tambaye ta komai, kada ka ce ta maimaita. Kullum, ko shafi biyu ne.”

“Ba wani magani da za a rubuta?”

“Shi ne na faɗa maka.”

Ya yi godiya ya tafi, a ransa yana cewa an sallame shi ne kawai. Da bai yi karatun ba ma, ba don yayar matarsa ba. Ta zo daga garinsu mai nisa don jinya, kuma tun makon farko ta faɗi abin da ke ranta ba kwana-kwana.

“Baban Rediyo, in zan koma da ita zan tafi. Ka dubi inda take wuni. Ƙarar ƙarfe daga safe har yamma, ga ubanta shi ma ba magana. A wurin wa za ta ji magana balle ta yi? Gidana akwai yara.”

“Yaya, a ɗan ƙara haƙuri.”

“Haƙurin nake yi. Zuwa ƙarshen wata.”

Ya san ba mugunta ba ce, kuma ya san in aka zauna a kan maganar dangi duk bayanta za su bi. Matarsa kuwa duk zuwan da ya yi, kafin ya ajiye kwanon abinci take tambaya, “Ta yi magana?” In ya girgiza kai sai ta kama hannun rigarsa. “Kada ka bari a tafi da ita tana haka. In ta je can ta saba da shirun, shi ke nan.”

Don haka ya tsaya wurin mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi, ya ɗauki wanda ya fi siriri. A bangon akwai hoton wata mata da tsintsiya. Bai duba ciki ba. Littafin koya wa yara tsabta ne, takardarsa ta yi ja, rubutun ƙanana.

Da la'asar ya rufe shago da wuri, don idonsa ba ya ganin rubutu in rana ta faɗi. Ya wanke hannu, ya zauna a bakin gado, ya jawo ta gefensa. Rabonsa da karanta abin da ya wuce awon ƙofa tun yana yaro. Ya kawo littafin dab da hanci, ya ɗora yatsa, ya fara bi gaɓa-gaɓa kamar yadda aka koya musu.

Abin da ke rubuce a shafin shi ne ƙura, ƙurar da ake sharewa. Amma 'yar lanƙwasar da ke kan harafin farko ta yi wa idon mai walda ƙanƙanta. Bai gan ta ba.

“Ku-ra,” ya ce. “Kura ta shigo ta taga.”

Ya ji jikin yarinyar ya ƙame a gefensa. Ya ɗauka saurare ne, har ya ji daɗi, ya ƙara murya.

“Kura ta hau gado. Kura ta kwanta a kan tebur. Kura ta shiga randa.”

Shi ma abin ya ɗan ɗaure masa kai, kura a cikin randa. Amma littafin yara ne, ya ce ƙila haka ake yi musu. Yarinyar ta sunkuya tana bin hoton da ido. Ɗaki ne kamar nasu, taga a buɗe, gado, tebur, randa a lungu. Babu kura ko ɗaya a hoton, kuma hakan ya fi muni, don tana can ke nan inda ba a ganinta. Ya juya shafi.

“Uwa ta ɗauko tsumma ta goge ku...”

Nan ya tsaya. Ya matsa da littafin bakin taga, ya ƙanƙance ido, sai ga lanƙwasar zaune a kan harafin. Kafin ya juyo yarinyar ta sauka daga gadon, ta maƙale a bayan ƙyaure, zanenta a jiƙe. Bakinta a buɗe yake kamar mai ihu, amma ba abin da ke fita.

“Uwata, kuskure na yi. Ba kura ba ce. Ƙura ce, ƙura, irin ta shara.” Ya shafa yatsa a kan tebur ya nuna mata. “Kin gani? Wannan ce.”

Ta dubi yatsan. Ta dubi taga.

Daga ranar ta daina hawa gadon. Ta daina shan ruwan randa, sai ya ɗebo mata a famfo a gabanta. In za ta wuce tebur sai ta manne da bango. Ƙarfe ya rame a 'yan kwanaki. Ya ƙona hannunsa da ƙarfen da shi da kansa ya gama yi wa walda, abin da ko sabon ɗan koyo ba ya yi. An ba shi yarinya da ciwo guda, ya ƙara mata na biyu da bakinsa, bakin da bai saba buɗewa ba. Ya cusa littafin a saman durowa, ya rantse ba zai sake ba.

Da ya ba Tela labari, Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa ya yi dariya har da hawaye.

“Kai Ƙarfe! Mutane suna korar kura daga gari, kai ka je ka sayo ta ka kai ɗaki? Ka kuma ba ta randa?”

“Ba abin dariya ba ne.”

“Na sani, mutumina. Amma don Allah ka sayi tabarau, kada gobe ka karanta mana baƙi ka ce baki.”

Ƙarfe ya koma shagonsa. Ya yi abin da ya iya. Ya yanko rodi mai kauri, ya yi wa tagar ɗakin ƙarfe irin wanda bai taɓa yi wa wani mai kuɗi ba, ya kafa shi tana kallo. Ya kama ya jijjiga da duk ƙarfinsa don ta ga ba ya motsi. Yarinyar ta zo ta sa tafin hannunta tsakanin rodi da rodi. Hannun ya shige. Ta dube shi. Washegari ya ƙara rodi a tsakani. Sai ta nuna masa ƙasan ƙyaure, inda haske ke shigowa. Ya liƙa fallen ƙarfe a wurin. Ta nuna rufi.

Ya gane ko ɗakin gaba ɗaya ya mayar akwatin ƙarfe, abin da take tsoro yana ciki tare da su.

Wani abu kuma ya fi rikita shi. Kullum da la'asar sai ta jawo kujera ta hau, ta lalubo littafin, ta kawo ta ɗora masa a gwiwa. Ya mayar, ta sake ɗaukowa. Ya kai shi shago ya ɓoye a bayan injin, ta same shi. Me mutum zai yi da yarinyar da ke roƙon abin da ya firgita ta? Ya ce ƙila kanta ne ya fara taɓuwa, tunanin nan kuma ya hana shi cin abinci.

Yaya ta ji labarin a bakin matar Tela. Ta shigo ko mayafi ba ta ajiye ba.

“Yarinya tana fama da abin da take fama da shi, ka ƙaro mata kura? Ashe shi ya sa take kwana a tsugune! Wallahi ba sai ƙarshen wata ba. Jibi za mu tafi.”

“Yaya...”

“Kada ka yayace ni. Ka yi iya yinka, mun gani. Ka mai da ɗaki kurkuku.”

Ya je asibiti ranar, ya kasa gaya wa matarsa. Ya zauna ya gyara ƙafar gadon da ke kusa da nata, wadda ke girgiɗi, ya dawo.

Ranar tafiyar da hantsi, Yaya tana tsakar gida tana kwashe kayan yarinyar daga igiya tana cusawa a jaka. Ƙarfe bai buɗe shago ba. Yana zaune a ƙasa, bayansa jingine da gado, yana kallon hannuwansa. Yarinyar ta zo da littafin ta ɗora masa a gwiwa.

Ya ce a ransa, to, ko ba komai ya gyara abin da ya ɓata kafin ta tafi, kada ta ɗauki kurarsa zuwa gidan mutane. Ya buɗe. Ta zauna, ta manne da haƙarƙarinsa har yana jin bugun zuciyarta. Ya ɗora yatsa a kan lanƙwasar, ya fitar da harafin daga can cikin maƙogwaro yadda ko kurma zai bambance.

“Ƙura ta shigo ta taga.”

Ta sa hannu ta rufe masa baki.

Ya janye hannun a hankali. “Haka aka rubuta, uwata. Ƙura ta shigo...”

Ta daki shafin da tafin hannu.

“Ƙura...”

“Kura ce.”

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Ƙarfe bai motsa ba. Bai dube ta ba ma. Tsoron da ya kama shi a lokacin ya fi duk na baya, don ji ya yi in ya yi numfashi da ƙarfi muryar za ta koma inda ta fito. Yana so ya ƙwala wa Yaya kira, yana so ya ɗaga yarinyar sama, yana so ya ce ta sake faɗa. Ya tuna nas ta ce kada a ce ta maimaita. Ya mai da ido kan shafin, wanda yanzu ba ya gani ko kaɗan.

“Kura ta shigo ta taga,” ya ce. “Kura ta hau gado. Kura ta kwanta a kan tebur. Kura ta shiga randa.”

Ya kai hannu zai juya shafi, ta danne takardar.

“Ba ta shiga randa ba.”

Ya sauke hannunsa.

“Ta fita. Ta je titi.” Ta ja numfashi. “Ta shiga ƙarƙashin mota.”

Wannan babu shi a littafi, kuma ya san wace mota ce. Shi ba mai labari ba ne, bai san abin da ake cewa a irin wannan wurin ba. An ce kada ya tambaye ta, amma shirun yana tsawo, yana jin tana zamewa. Sai bakinsa ya faɗi abin da yakan ce wa mai kawo gyara in yana bayanin yadda abu ya lalace.

“To. Sai aka yi yaya?”

“Sai ta ɗaga ta da bayanta. Sai muka juya. Takalmina ya tafi sama.” Ta ƙanƙame hannunsa, faratanta suna shiga fatarsa. “Sai ta ciji Mama a nan. Na ce Mama, Mama, ba ta amsa ba. Sai kurar ta ce in na sake magana za ta dawo.”

Sai yanzu Ƙarfe ya gane. Duk makonnin nan abin da ke zaune a cikin yarinyar ke nan, ba shi da suna, ba shi da fuska, sai da makahon idonsa ya ba shi.

“Ga shi kin yi magana,” ya ce. “Ta dawo?”

Ta ɗaga kai ta dubi taga. Ta dubi ƙasan ƙyaure. Ta daɗe tana dubawa.

“Tana hanya.”

“To muna nan. Ni da ke. In ta zo me za mu yi mata?”

Ta yi tunani, goshinta a tattare kamar na tsohuwa. “Ka kunna mata wutarka.”

“Zan kunna.”

“Ba ta da gilashin walda.”

“Ba ta da shi.”

“Idonta zai yi yashi.”

“Sosai ma. Ta kwana tana kuka.”

Wani ɗan sauti ya fito daga hancin yarinyar. Ba dariya ba ce tukuna, amma danginta ne.

Sai a lokacin ya lura da inuwa a bakin ƙofa. Yaya ce tsaye da 'yar riga a hannu, ta toshe bakinta da ita. Ta buɗe baki za ta kira sunan yarinyar, ya ɗaga mata hannu, shi da bai taɓa katse ta ba tun da ya auri ƙanwarta. Ta fasa. Ta juya ta koma tsakar gida, ya ji ta tana fyace hanci a bakin rariya.

Da ya fito ɗebo ruwa, ta ce ba tare da ta dube shi ba, “Kada ka ɗauka ka iya wani abu. Karatun ma ba ka iya ba.”

“Haka ne, Yaya.”

“Jakar tana nan a ɗaure. In ta sake yin shiru, ka san sauran.”

Ba ta kwance jakar ba har ta koma garinsu, amma ita kaɗai ta koma.

Kada a ce yarinyar ta warke ranar. Ba ta warke ba. Da farko ba ta magana sai littafin yana buɗe a gwiwar ubanta, da an rufe ta yi tsit. Wata rana kurar tana kasuwa, wata rana ta shiga shagon Tela ta haɗiye almakashi, wata rana kuma ta koma ƙarƙashin motar, ranar sai a sha kuka. Ƙarfe ba ya tsallake yini. Ko da aiki a gabansa, la'asar na yi zai kashe inji. Wani mai gini ya taɓa tsayawa yana masa faɗa a kan ƙofofinsa, Ƙarfe ya ce ya dawo gobe ko ya kai wani wuri, ya ci gaba da wanke hannu. Ya koma wurin mai littattafai ya ƙaro wasu, masu manyan haruffa, yana karanta su da ƙyar kamar mai jan kaya a tudu. Kowane littafi ya buɗe, ko na kifi ne ko na jirgi, kafin shafi na uku yarinyar ta shigo da kurarta ciki, shi kuma ya matsa mata wuri. Har yau in ta yi shiru ya wuce kima, za ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa yana kallonta, fuskarsa ta canza.

Ganina da shi na ƙarshe kafin in bar layin, wata safiya ce ya zo ya leƙa shago bai buɗe ba. Ya yi wanka, ya sa rigar da ba ta da ƙunar tartsatsi. Asibiti za su, don uwar ta ji muryar 'yarta da kunnenta. Asibitin yana can ƙarshen gari, amma yarinyar ta ce ba za ta shiga mota ba, bai kuma yi mata musu ba. Ya durƙusa a bakin kwalbati, ta hau wuyansa ta riƙe kunnuwansa biyu, ya miƙe. Tela ya leƙo ya ce, “Rediyo, a gaida Mama.” Ba ta amsa masa ba, ta sunkuya tana faɗa wa tsakiyar kan ubanta wani abu. Ya ce, “To, sai aka yi yaya?” Ya gyara mata zama, ya bi gefen titi da ƙafa, can nesa da motoci.